Ɗakin Ƙanƙara

Ranar da Lawal ya shigar da janareta ɗakin yayarsa Ikilima, bai tambaye ta ba. Ta je barkar haihuwa a maƙwabta, ta dawo ta tarar an tura gadonta can ƙurya, manyan firiza biyu sun cinye rabin ɗakin, ga inji nan a bayan ƙofa yana ɗigar da baƙin mai a kan sumunti. Tagar nan guda ɗaya mai kallon lungu an cusa mata tsohuwar katifa, an bi gefe-gefen da buhuna an toshe.

"Lawal, mene ne haka?"

"Yaya, ki yi haƙuri, na ɗan lokaci ne," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. In ban yi ƙanƙara bana ba, ban san ranar da zan yi ba. Da an sauko daga Idi zan fitar da shi."

"To me ya hana ka bar shi a tsakar gida, inda yake a da?"

"Kin manta da doka ne?"

Ba ta manta ba. Kowa a unguwar ya san dokar. Bara aka kafa tashar wutar sola a filin bayan firamare, aka ja waya gida-gida, aka maƙala wa kowa mita a zaure. Sharaɗin da masu aikin suka kafa shi ne duk unguwar da ta karɓi wutar rana ta rabu da janareta. Wanda aka kama yana tayarwa, a yanke masa wuta, a ci shi tara. Mutane sun yi murna, don wannan wutar ba ta ɗaukewa kamar waccan, kunnuwa kuma suka huta. Sai dai abin da aka ba gidaje bai wuce na ƙwan fitila da fanka da cajin waya ba. Aka ce masu sana'a za a ja musu babban layi mai ɗaukar firiza da injin markaɗe. Layukan suka zo, aka raba su kafin kowa ya ji labari, suka ƙare a gidajen da ko ashana ba a sayarwa. Lawal, wanda duk Daura an san shi da ƙanƙara da zoɓo a bakin tasha, aka ce masa ya jira zagaye na biyu.

Bai jira ba. Bai kuma kai kuka ko'ina ba. Gidansa ya duba, ya zaɓi ɗakin da ya fi nisa da titi, mai kaurin bango, wanda mai shi ba ta da bakin cewa a'a. Ikilima ta haura hamsin, mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana aure a Mashi. Tuwon gidan Lawal take ci.

"Hayaƙin fa?" ta ce.

Ya nuna mata tiyon da ya ɗaura a bakin salansar injin, inda hayaƙi ke fita, ɗaya bakin kuma ya tsoma shi cikin bokitin ruwa. "Ruwa ke shanye shi, wani bakanike ya koya mini. Ke dai ki riƙa sauya ruwan. Kuma in yana aiki ki bar ƙofa a rufe, kada ƙara ta fita."

Haka aka tsara aikin. Haulatu, matar Lawal, ita ke dafa zoɓo da lamurje a tsakar gida, ta miƙo robobi ta bakin ƙofa. Ikilima ke ciki, tana zubawa a leda, tana ƙullewa, tana jerawa a firiza, tana juya waɗanda suka fara kamawa. Da hantsi, in injinan niƙa na bakin titi sun fara ruri, Lawal ya tayar da nasa ya laƙe a cikin ƙararsu, ba a kashewa sai gab da magariba, lokacin da zai zo da baro ya kwashe kaya.

Sau ɗaya Ikilima ta ce wa Haulatu ta shigo ta kama mata.

"Wallahi Yaya da na shigo," in ji Haulatu daga waje, ta rufe hanci da gefen mayafi. "Kin san halin da nake ciki. Mai juna biyu ba ta shaƙar warin fetur. Ke kuwa ai kin saba."

Ciwon kai ya fara zuwa. Ba irin na rana ba, wanda kan sauka in an sha ruwa. Wannan kamar an ɗaura mata igiyar guga a goshi ana ja. In ta miƙe daga kan kujerar tsuguno sai ɗakin ya karkata, ta dafa firiza ta jira ya dawo daidai. Da aka sha ruwa ta kai loma biyu, ta fita bayan ɗaki ta amayar.

"Azumi ne da zafi," in ji Lawal. "Ni ma nan kaina sarawa yake."

Ya aika aka sayo mata ƙwayar ciwon kai.

A ƙarƙashin gadonta akwai kazar da ta yi kwanci tun kafin a kawo inji, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki. Wata rana da azahar Ikilima ta lura ba ta jin kukansu. Ta durƙusa ta leƙa. Suna nan kwance a jere, ƙafafu a miƙe, uwar ta kifa kai a kansu. Babu jini, babu alamar muzuru ko maciji. Ta kwashe su a tsohon faranti ta fito tsakar gida.

"Haulatu, dubi."

Haulatu ta duba, ta kau da kai. "Cutar kaji ce. An ce ta shigo gari, har Zango ta kashe."

"Naki da ke waje lafiyarsu ƙalau."

"To Yaya, ni na san gaibu ne?"

Bayan kajin sai tsaka, irin ta jikin bango. Kullum in ta zo shara sai ta tsinci ɗaya ko biyu sun faɗo daga silin, ciki sama. Kyanwar gidan, wadda a da ba ta da wurin kwana sai ƙafar gadonta, ta koma tsayawa a bakin ƙofa, ta dube ta, ta juya. Sauro ma ya daina shiga. Da ta faɗa wa Lawal, dariya ya yi ya ce to ai ta samu maganin sauro kyauta.

Sai salla ta fara kuɓuce mata. Takan tayar da kabbara, ta karanta Fatiha, ta tsinci kanta a tsaye ba ta san ko raka'a ta nawa take ba. Ta yi ƙabli, ta yi ba'adi, ta sake sabuwa. Wata rana ta idar ta ga ashe ƙofa ta fuskanta, ba gabas ba. Ta zauna a kan darduma ta yi kuka mara sauti, don tun tana yarinya ba ta taɓa ɓata alƙibla ba.

Ranar da ta fara ganin Inna, rana na tsaka. Tana ƙulla leda, hannuwanta sun yi nauyi kamar na wani, sai ta ɗaga kai ta ga mahaifiyarsu zaune a kan murfin firiza, da zanen saƙin nan nata, tana tsince wake a faifai. Inna ta rasu tun Lawal bai yi aure ba. Ba ta yi magana ba. Ta dai dubi Ikilima, ta matsa gefe kaɗan, kamar mai ba da wurin zama.

Ikilima ba ta ji tsoro ba, shi ne abin da ya firgita ta daga baya. Wani daɗi ta ji, da barci mai laushi yana janta. Bugun ƙofar Haulatu ya dawo da ita.

"Yaya! Ledojin nan fa? Tun ɗazu nake sallama."

Ta rarrafa ta buɗe. Da iskar waje ta bugi fuskarta sai ta fashe da tari.

"Inna ta zo," ta ce.

Haulatu ta saki robar zoɓo.

A makon nan ne Malam Isyaku ya zo zagaye. Shi ne shugaban kwamitin wuta na unguwa, shi ke duba mitoci, shi ke kai rahoton wanda ya karya sharaɗi. Ya yi sallama da la'asar, Lawal ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daidai lokacin injinan niƙa na titi suka tsaya, don masu su sun tafi masallaci. Unguwa ta yi tsit. A cikin shirun nan, ta ƙarƙashin ƙasa, ta jikin bango, ana jin wani gurnani kamar na sa da aka ɗaure a rami.

Malam Isyaku ya dubi mita. Ya dubi ƙafafunsa, inda tabarma ke ɗan rawa. Ya dubi Lawal.

"Mitarka lafiya lau," ya ce.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"Bayan Salla baƙi za su zo daga sama. Unguwarmu aka zaɓa a nuna wa sauran. Ba na son a ji wani abu, Lawal. Ba na son a ga wani abu."

"Ba za a gani ba. Maganar layin nan nawa fa?"

"Yana tafe. Kai dai ka yi haƙuri, abin ba a hannuna yake ba."

Ikilima ta ji muryar baƙo. Ta lallaɓa ta fito, ta dafa bango har bakin zaure, ta tsaya a bayan labule.

"Malam, ina wuni. Don Allah ina da magana."

"Yaya ce, ba ta da lafiya," Lawal ya yi sauri ya ce. "Kwanan nan sai a hankali. Mutanen ɓoye ne suka taɓa ta."

"Subhanallahi," in ji Malam Isyaku. "Allah ya sawwaƙe, Hajiya. A dage da addu'a." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Lawal ya bi shi da baƙar leda mai nauyi, tana ɗigar ruwan sanyi. Ya karɓa bai duba ba, ya rataya a hannun babur.

Da ya tafi, Lawal ya juyo. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, so kike a yanke mini wuta? So kike a ci ni tara a tsakiyar azumi? Abincin da ake ci a gidan nan, har da wanda kike ci, daga ina yake fitowa?"

"Ɗakin nan zai kashe ni, Lawal."

"Babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Ke da kika fi ni sani."

Washegari ya ƙara buhuna a jikin ƙofa.

Ya kuma kawo mai ruƙiya, don kada a ce bai yi komai ba. Malam Kalilu mutum ne mai natsuwa, ya zauna a tsakar gida ya tambayi abin da take gani. Da ya nemi a kai shi inda take kwana, Haulatu ta ce ɗakin a hargitse yake, ba ya shiguwa. Ya yi karatu a kanta a inuwar darbejiya, ya tofa a ruwa, ya ba da garin turare ya ce a riƙa yi mata hayaƙi safe da yamma. Ikilima ta wuni a waje ranar nan, kanta ya washe, da aka sha ruwa har ta ci tuwo da yawa.

"Kin gani?" in ji Haulatu. "Karatu ya kama su."

Da safe aka mayar da ita ciki, aka bi ta da kaskon garwashi da turare, aka ja ƙofa.

Daga nan Inna ta daina zuwa ita kaɗai. Wani lokaci da mijin Ikilima take zuwa, ya tsaya a jikin inji da hularsa a hannu. Wani lokaci da jaririn da ta binne a Dutsi tun tana amarya. Ba sa cewa komai. Suna dai jira, irin jiran da ake yi wa wanda ke shirin tafiya ya gama ɗaure kaya. Takan yi musu hira tana ƙulla leda. Yaran gidan suka daina bi ta ƙofar ɗakin. Leɓɓanta suka yi wani irin ja, kumatunta ma haka, har Haulatu ta ce, "Ikon Allah, Yaya, ciwon nan har kyau ya ƙara miki."

Adawiyya, 'yar Ikilima, ta zo daga Mashi a goman ƙarshe, da goyo a baya da ƙullin gero a ka. Wata maƙwabciya ce ta kira ta a waya ta ce ta zo ta ga uwarta. Ta tura ƙofar ɗakin, zafi da wari suka buge ta har ta ja da baya. Ta hango uwarta a zaune a ƙasa, ta jingina da firiza, leda a hannu, ruwan zoɓo na zuba a cinyarta ba ta sani ba.

"Umma!"

Ikilima ta ɗago ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙuwa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

Adawiyya ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta ciccibe ta ta fitar, ta tari mai a-daidaita ta kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta yi tambayoyi kaɗan: ina take kwana, me ke cikin ɗakin, ciwon kan yakan sauka in ta fito waje? Sannan ta ajiye abin awo.

"Ba aljani ba ne, ba azumi ba ne. Hayaƙin inji ne ke shiga jininta. Akwai wanda hanci ba ya ji, ruwan bokiti kuma ba ya tare shi. Mun sha karɓar irinsu, wani lokaci gida guda gaba ɗaya. Kada ta sake zama a ɗakin nan, ko na yini ɗaya."

Aka sa mata iska ta hanci, aka riƙe ta zuwa yamma. Kafin su fito ta gane 'yarta, ta karɓi jikanta ta rungume, tana tambayar yaushe ya yi haƙori.

A gida Adawiyya ta durƙusa a gaban Lawal, kamar yadda aka koya mata, ta faɗa masa abin da aka ce.

"'Yan asibiti ai ba sa rasa abin faɗa," in ji shi. "Ni da nake shiga ɗakin kullum, me ya same ni?"

"Kawu, kai shiga kake ka fito. Ita a ciki take wuni, a ciki take kwana."

"To ina kike so in kai injin? Kan titi?"

"Ka kai shi ɗakinka."

Haulatu ta yi salati. Lawal ya dubi Adawiyya har sai da ta sunkuyar da kai.

"Ashe haka aure ya mayar da ke. Uwarki tun da mijinta ya mutu wa ya riƙe ta? Dangin ubanki sun taɓa aiko mata da ko ƙwayar hatsi? Ni ban ce ina jin daɗin abin nan ba. Da sun ba ni layina da tuni na sayar da injin. Je ki tambayi waɗanda suka raba layukan a tsakaninsu. Ni ma zaluntata aka yi."

"To zan tafi da ita Mashi."

"Da izinin wa? Mijinki ya ce ki kawo masa suruka ɗaki ɗaya? Kuma a ce na kori yayata ana gab da Salla? Ki bari a sauko daga Idi, ni da kaina zan sa ta a mota."

"In ka hana, wallahi zan je gaban alƙali."

"Je ki. Ki tsaya gaban alƙali ki ce kin kawo ƙarar ƙanin uwarki. Sannan ki dawo ki ga wanda zai amsa gaisuwarki a dangi."

Ikilima ce ta kashe maganar. Tana zaune a kan turmi, ta ce a hankali, "Adawiyya, bar shi. Ni na goya shi, ba zan kai shi kotu ba. Saura kwana nawa ne? Zan riƙa fitowa ina shan iska."

Duk da haka Adawiyya ta je gidan Malam Isyaku. Ya saurare ta a tsaye a ƙofar gida, yana duban lungu hagu da dama.

"'Yata, in na rubuta cewa akwai janareta a unguwar nan, ba kawunki kaɗai zai shafa ba. Za a ce mun kasa, a ɗauke zagaye na biyu a kai wata unguwa. Mutum nawa za su rasa? Ki bari baƙin nan su zo su tafi, ni da kaina zan yi masa magana. Wannan ai maganar cikin gida ce."

Ta kwana biyu tana shimfiɗa wa uwarta tabarma a tsakar gida, ita kuma ta karɓi ƙullin ledar tana yi a waje. Rana ta uku mijinta ya kira, ya ce uwarsa ta faɗi a banɗaki, babu mai kula da gida. Kafin ta tafi ta sa Haulatu ta rantse cewa ba za a mayar da Umma ciki ba. Haulatu ta rantse.

Ta kuwa cika rantsuwarta kwana ɗaya. Ranar jajibiri aka yi zafin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Tun da safe masu sari suka yi layi a ƙofar gida. Zoɓon da ake ƙullawa a waje yana ɗumama kafin a kai shi firiza, buɗe ƙofa da rufewa kuma na fitar da ƙara.

"Yaya, yau kaɗai," in ji Lawal. "Gobe Salla. Daga yau an gama."

Haulatu ta shiga madafi ta yi kamar ba ta ji ba.

Ikilima ta dubi ƙofar ɗakin ta daɗe. Sannan ta yi alwala, ta ɗauki dardumarta ta shiga. Lawal ya ja ƙofa, ya gyara buhunan.

Da azahar Haulatu ta ji ta tana magana a ciki, har da 'yar dariya. Da la'asar ba ta ji komai ba sai inji. Ta ajiye roba a bakin ƙofa ta buga, ba a amsa ba. Ta ce a ranta barci ne, a bar baiwar Allah ta huta. Ta koma ta ci gaba da suyar cincin.

Lawal ne ya buɗe da ya zo da baro. Ikilima ta jera ledojin duka, babu wadda ta bari a buɗe. Tana kwance a kan darduma ta gefen dama, ta tashi kai da hannunta, ta lulluɓa da mayafi har ƙafa. A gefenta ta shimfiɗa zaninta na salla, ta share wurin tas, kamar wadda ta yi wa baƙi wurin zama.

Ya kira ta sau biyu. Ya taɓa ƙafarta. Sannan ya tsaya, hannunsa a kan makashin inji. A waje masu sari na ta buga ƙofa, ana gab da shan ruwa. Ya kashe injin, ya kwashe kayan ya miƙa musu ta zaure, ya sallame su. Bayan nan ne ya fito tsakar gida ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Aka yi mata sutura bayan an sauko daga Idi. Jama'a ta taru sosai, kowa da sabuwar riga. Ana ta cewa ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta cika da azumi a bakinta, a kan darduma, a ranar ƙarshe ta wata mai alfarma. Matan da suka yi mata wanka suka ce ba su taɓa ganin gawa mai jan leɓe da hasken fuska irin tata ba. Adawiyya ta iso an riga an kai ta. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙofar ɗakin ta ƙi shiga, ta ƙi tashi.

Ranar sadakar uku baƙin suka zo. Daga gidan makoki ana jin lasifika a filin firamare, ana yaba wa unguwar da ta zama abin koyi, wadda ta rabu da hayaƙi da ƙara, ana tafi. Da aka tashi, Malam Isyaku ya biyo ta'aziyya da babbar rigarsa ta taro. Ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Da zai fita ya ja Lawal gefe ya ce masa an sa hannu, zagaye na biyu zai zo bayan damina in Allah ya so.

Adawiyya ta ɗaga labule ta dube shi.

"Malam, baƙin sun tafi?"

"Sun tafi, 'yata."

"To yanzu sai ka yi masa maganar."

Malam Isyaku ya nemi takalmansa ya sa, ɗaya a karkace, ya fita.

Ba a yi wa kowa shari'a ba. Babu wanda ya kai ƙara, babu wanda aka tambaya. A wurin masu wuta, ba a taɓa tayar da janareta a unguwar nan ba tun da aka kafa sola, don haka babu hayaƙin da zai kashe wani. A wurin dangi, kwana ne ya ƙare. Wanda ya kafa dokar yana da gaskiya, hayaƙin inji guba ne. Amma ya hana shi fita titi inda za a gan shi, bai bi ya ga inda ya koma ba. Ya koma ɗakin wadda ba ta da inda za ta je. Kowa a lungun nan ya ji gurnanin a tafin ƙafarsa wata guda cur, kowa kuma ya sha ruwa da ƙanƙarar.

Haulatu ba ta ƙara bi ta gaban ɗakin ita kaɗai ba. Ta ce da rana tsaka, in gida ya yi shiru, tana jin ƙarar leda ana ƙullawa. Lawal ya ce mata ta riƙa neman tsari.

Zafi bai sauka ba bayan Salla, ruwa kuma ya yi jinkiri. Masu sari suka ci gaba da zuwa suna komawa hannu wofi. Ranar da aka yi addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Lawal ya zauna a tsakar gida yana juya hula a gwiwa.

"Haulatu, na tuna da Gwaggo Inno ta Dutsi," ya ce. "Tun da ɗanta ya tafi Kudu ba ta da mai ba ta ko kunu. Tsohuwa ita kaɗai a kango, ga mu da ɗaki a banza. Ai zumunci bai ce haka ba."

Haulatu ta dube shi. Ta buɗe baki, ta dafa cikinta, ta rufe.

"Gobe in Allah ya kai mu zan je in ɗauko ta," in ji shi. "Ki sa a share ɗakin."